Yadda Ake Kiwon Kaji Tare da Awaki da Tumaki a Gida Lokacin Hunturu

A Kaduna, ko Rigasa ce ko Tudun Wada ko Hayin Banki, balle ƙauyukan Igabi da Giwa, duk gidan da ke da ɗan fili za ki tarar da kaji suna tone-tone a gindin turken akuya. Sauran watannin shekara zaman yakan tafi lafiya, kowa na samun abin kaiwa baki. Daga Nuwamba kuwa, da iska ta juyo daga arewa maso gabas da hazonta, sai al'amari ya canja. Ciyawa ta bushe, ƙwari sun yi ƙaranci, akuya ta sa wa abincin kaji ido, 'yan tsaki kuma suna cusa kai ƙarƙashin tumaki neman ɗumi. A wannan tsakanin ne kuma annobar kaji take bin gida-gida.

Da uwargida nake magana, don a yawancin gidajenmu kaji da awaki nata ne, amma maigida ma yana da nasa kason wajen kafi da ɗauri.

Ki riƙe abu ɗaya tun daga farko. Sanyin Kaduna, ko a tsakiyar Disamba da Janairu da ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 13 zuwa 15 da asuba, ba ya kashe babbar kaza mai cikakken gashi. Abin da ke kashe ta shi ne iskar da ke bugunta kai tsaye cikin dare, ko ɗakin da aka toshe ruf don tausayi, ko annoba, ko haɗa ta makwanci da dabbar da ta fi ta ƙarfi. Saboda haka da rana su yi tarayya a tsakar gida, amma wurin kwana da abinci da ruwa kowa da nasa.

Kayan da za ki tanada

- Ragar waya mai ƙananan idanu, wadda ɓera ba zai ratsa ba. In babu, a jera gora ko karan dawa a matse, sai dai akuya na cin kara, don haka a kare shi da tsohon kwano ta ɓangarenta.
- Katako ko azara, ƙusoshi, wayar ɗauri da kwanon rufi. A Panteka ana samun na hannu da rangwame.
- Buhuna wankakku da aka shanya a rana, ko zana, ko tampol.
- Ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai manyan ɓarɓashi, irin wadda ke fita wajen goge katako.
- Sanda mai kaurin ƙotar fartanya, don kwanan kaji.
- Mazubin abinci mai rataya da mazubin ruwa na roba. Jarkar da aka yanke ta tsawo tana wadatarwa.
- Duro ko babban bokiti mai murfi, na ajiyar abincin kaji.
- Toka, yashi mai laushi da tsohuwar taya.
- Farar ƙasa, da Izal ko bilic na wanke kaya.
- Idan akwai 'yan tsaki: babban kwali ko kwando, da kwan lantarki mai zafi ko kurfoti da gawayi.
- Maganin rigakafi. Shi ba a saye a ajiye, sai ranar da za a yi aiki da shi.

1. Fara da rigakafi tun kafin hazo ya sauko

Cutar da ke share kaji da hunturu ita ce wadda likitoci ke kira Newcastle, wasu a nan su ce mata fakat. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma in ta kama ba ta da magani. Bayan an yi rigakafi jikin kaza na bukatar kamar mako biyu kafin garkuwar ta kafu, shi ya sa Oktoba ko farkon Nuwamba ne lokacinsa. In kin makara ki yi yanzu, muddin duk kajin lafiyarsu ƙalau. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Iri biyu za ki fi samu. Akwai Lasota, wadda aka saba zubawa a ruwan sha, akwai kuma I-2 ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta fi jure zafi, ana ɗiga ta a ido. A gidan da ke da awaki ni ɗigon ido na fi yarda da shi. Dalili kuwa, kazar da ta saba satar ruwan akuya ba za ki taɓa tabbatar ta sha rabonta ba. Ki kama su da asuba tun suna kan sanda, ɗigo ɗaya a ido ɗaya, ki jira ta ƙifta sannan ki sake ta waje, don kada ki rikita wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba.

In ta ruwa za ki bayar, ki ɗauke duk ruwan da ke tsakar gida na tsawon awa biyu, har da na awaki da na gindin randa. Ki haɗa maganin da ruwan rijiya ko na burtsatse, ban da na famfo mai sinadarin kulorin, don yana kashe shi. A roba za ki zuba, a inuwa, kuma su shanye kafin awa biyu. Daga shago zuwa gida a filas mai ƙanƙara za a ɗauko shi. Wanda aka sa a aljihu aka hau Keke Napep da shi cikin rana ya riga ya mutu, asarar kuɗi ce kawai.

Kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko 200, kuma in an fasa ba a ajiye saura. Ki haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya. Wannan ma ya fi miki, tunda kajinku a lungu ɗaya suke kiwo. A maimaita bayan wata uku zuwa huɗu.

Awaki da tumaki su ma suna da tasu annobar ta wannan lokaci, wato PPR, mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki. Ba ta kama kaji, kamar yadda Newcastle ba ta kama akuya, duk da mutane kan ɗauka abu ɗaya ne don sukan zo tare. Allurarta malamin dabbobi ne ke yi. In ya zo ki sa ya ba kowa maganin tsutsar ciki na ƙarshen damina.

2. Raba makwanci

Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da awaki, komai ƙarancin wuri. Tunkiya na juyi cikin dare ta danne ɗan tsakon da ya shige mata. Rago na tunkuyi. Kajin da suka hau rufin rumfa kuma kashinsu a kan harawa da komi yake sauka, dabba ta ci ta kama zawo, ko ta ƙi ci sam a yi asarar harawa mai tsada.

Ki sa a kafa akurki a jikin katangar da ke tare iskar arewa ko ta gabas, ƙofarsa ta kalli kudu ko yamma. A Disamba rana ta kudu take karkata, don haka wannan ɓangaren ne ke samun hantsi. Ba laifi ya haɗa bango da rumfar awaki, amma daga ƙasa zuwa ƙugu ya zama katako ko kwano mai ƙarfi, saboda akuya da goga jiki take, raga ba ta daɗewa a hannunta. Kajin gida goma zuwa sha biyu, in kwana kawai za su yi a ciki, faɗin mita 1 da rabi da tsawon mita 2 ya ishe su. In an ɗaga shi daga ƙasa zuwa gwiwa ya fi, don gafiya da jaɓa ba su samu wurin haƙa ba.

Ƙofar kaji ita ce inda mutane da yawa ke faɗuwa. A yi ta ƙarama, faɗin santimita 20, tsayi kamar 28. Amma ɗan akuya na iya kutsawa ta nan. Maganinsa a kafa falanki daga ciki, daura da ƙofar, da tazarar taƙi ɗaya, ta yadda duk mai shiga sai ya yi kwana. Kaza za ta lanƙwasa ta wuce, ɗan akuya ba zai iya ba. Babbar ƙofar da kike shiga kuma a sa mata sakata da kwaɗo. Akuya na buɗe ƙugiya da baki, ga kuma ɓarayin kaji da ke yawaita a ƙarshen shekara.

In babu halin gina akurki bana, ki kife su da babban kwando a zaure ko bayan ɗaki, ki yi musu shimfiɗa, ki ɗora dutse a kai, ki rufe gefen da iska ke bugowa kawai.

3. Tare iska, amma a bar musu numfashi

Ki ɗaura buhuna ko zana a gefen arewa da gabas, daga ƙasa har su ɗara tsayin sandar kwana. Daga can zuwa rufi ki bar tazarar taƙi ɗaya a buɗe, raga kaɗai ta rufe ta. Ta nan zarnin kashi da tururin numfashi ke fita. Gefen kudu shi ma a rataya buhu, a naɗe shi da hantsi, a sake shi gab da magariba.

Ga yadda za ki gane ko kin toshe da yawa. Da sassafe ki shiga ki tsuguna daidai tsayin kajin. In zarni ya buge ki a hanci ko ido, ko kika ga kwano yana gumi daga ciki, to iskar ba ta isa ba, ki ƙara buɗe sama. Wannan zarnin yana ƙona hanyar numfashin kaza, ga ƙurar hunturu ta riga ta busar da ita, sai mura ta samu ƙofa. Mafi munin abin rufi ita ce leda, don ba ta barin komai ya fita.

Buhun ta cikin raga za a ɗaura shi, ba ta waje ba. Akuya na tsinkar buhu da leda ta haɗiye, su taru a tumbinta ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Ki tambayi mahautan Zango abin da suke cirowa daga tumbin dabbobi.

Rumfar awaki ita ma haka za a tare mata iska. Sun fi kaji saurin kamuwa da ciwon huhu, musamman ƙanana da masu ciki.

4. Shimfiɗa, sanda da wurin ƙwai

Ki share, ki shafe bango da ƙasa da farar ƙasa, ya bushe, sannan ki zuba ɓuntu kaurin yatsu huɗu. Garin katako mai laushi ki guje shi, ƙura yake tayarwa kuma 'yan tsaki na cinsa. Duk bayan kwana biyu a motsa shimfiɗar, inda ya jiƙe a kwashe.

Sanda ta kai tsayin santimita 60 daga ƙasa, kowace kaza da santimita 25. In sanduna biyu ne su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba kullum faɗa za a yi a kan ta sama. Kaza a kan sanda takan rufe ƙafafunta da gashin cikinta, abin da ke ɗumama ta ke nan. Wurin ƙwai ɗaya ya ishi kaji huɗu, tsohon kasko ko kwali a lungu mai duhu cikin akurki. In ba ki tanada ba, cikin harawa za su je su saka, akuya ta taka.

Tayar nan ki cika ta da yashi da toka, ki ajiye inda hantsi ke sauka. Birgimar da suke yi a ciki ita ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

5. Raba abinci

A nan aka fi yin asara, kuma asarar ta kan babbar dabba take faɗawa.

Tumbin akuya da na tunkiya na ciyawa ne. In suka afka wa buhun masara ko abincin kaji na kamfani suka ƙoshi, hatsin yakan yi tsami a ciki, ciki ya kumbura ta hagu, dabba ta kwanta, wani lokaci kafin gari ya waye ta tafi. Ko da kaɗan-kaɗan suke sata, yawan hatsi na jawo wa rago da bunsuru tsakuwar mafitsara. Abincin kaji yana kuma ɗauke da sinadarin jan ƙarfe wanda hantar tunkiya ke tarawa har ya zame mata guba. Mai doki ko jaki kuwa ya ninka hattara, don wasu abincin 'yan tsaki ana sa musu maganin kashin jini irin su monensin, wanda ɗan kaɗan ke kashe doki.

Ta ɗaya ɓangaren, ruwan kanwa da gishirin da ake ba dabbobi yana yi wa kaji yawa, 'yan tsaki ma yana kashe su. Angurya da ƙulinta na kiwon raguna in kaza ta yawaita ci suna ɓata kwaiduwa su rage mata ƙwai. Abincin da aka haɗa da takin yuriya don shanu guba ne gare ta. Amma ɗan abin da ya zube a gindin komi na dusa ko ƙowa, ta tsince abinta, babu komai.

Akwai masu haɗa kashin kaji cikin abincin kiwon raguna don araha. Ni ba na ba da wannan shawara. Mushen ɗan tsako ɗaya da ya ruɓe a cikin shimfiɗar ya isa ya shanye wa dabba jiki har ta mutu, ga kuma jan ƙarfen da na ambata.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne da safe ki fara da awaki. Kowace a turkenta, ki zuba musu. Sannan ki ba kaji nasu a cikin akurki, ƙofa a rufe, sai sun cinye ki sake su. Duron abinci ya zauna a ɗaki mai ƙofa, ba a tsakar gida ba. Harawa kuma in a saman rumfa take a lulluɓe ta.

Kazar ƙwai ta zamani, irin ShikaBrown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, wato gwangwanin madara ɗaya a cike har da tozo. Kazar Hausa mai fita kiwo rabin haka ya ishe ta da damina, amma da hunturu ki ƙara, don ƙasa ba komai. Da la'asar ki watsa musu tsabar masara ko dawa su kwana da maƙoƙo a cike, narkar da ita na ɗumama jiki. Ki duba sabuwar masarar bana da kyau. Wadda ba ta bushe sosai ba ta yi funfuna, kada kaza ta ci, kada akuya ta ci.

Abin da suka fi rasawa yanzu shi ne abincin gina jiki da ƙwari ke ba su. Ki cike gurbin da tunkuza marar gishiri, ko dusar awara da aka dafa, ko waken suya soyayye, ko garin kifi. Ɗanyen waken suya ba a ba kaza. In duk babu, ki kama musu gara. Ki cika tsohuwar tukunya da guntayen kara da busasshen kashin shanu, ki yayyafa ruwa, ki kife ta a kan hanyar gara da yamma, da safe ki juye musu. Ganyen zogale ko ragowar kabeji da latas na 'yan lambu a rataye musu cikin akurki. Ɓawon ƙwai kuma ki gasa ki daka ki mayar musu.

In ƙwai ya ragu kada ki tsorata. Yinin Disamba a Kaduna bai kai awa 12 ba, kazar ƙwai kuwa tana son haske awa 14 zuwa 16. Fitilar sola ta awa biyu bayan magariba tana taimakawa.

Idan duk da haka akuya ta samu shiga ta ƙoshi, ki ɗauke mata duk wani hatsi da dusa, ki ba ta busasshiyar ciyawa ko harawa kawai, kada ki bar ta ta ɗirki ruwa mai yawa lokaci guda, ki kira malamin dabbobi nan take. Kada ki jira sai kin ga kumburi.

6. Ruwa

Iskar hunturu busarwa take, kaza na shan kusan rubu'in lita a yini ko da ana sanyi. Nata mazubin ya zauna cikin akurki ko bayan raga, a kan bulo. Ki sake ruwa safe da la'asar don ƙura, da asuba kuma ki sirka shi ya kashe sanyi. Bokitin awaki shi ne rijiyar 'yan tsaki, suna leƙawa su faɗa. Ki ba awaki su sha ki ɗauke, ko ki ɗora shi sama, ko ki jefa bulo a ciki wanda duk ɗan tsakon da ya faɗa zai taka ya fito.

7. 'Yan tsaki

Su kam sanyi na kashe su, don ba su iya riƙe ɗumin jikinsu sai gashi ya fito sosai, wajen mako huɗu zuwa shida.

In uwa ce ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21 na kwanci, ita ce murhunsu. Aikinki shi ne ki hana ta jan su cikin sanyin asuba da tsakanin ƙafafun tumaki. Ki killace ta da su a kwando ko ƙaramin keji na mako uku zuwa huɗu, da tsaki da ruwa a faranti marar zurfi da aka zuba tsakuwa a ciki. In hantsi ya dubi ludayi ki fito da kejin rana. Wannan yana kuma tsare su daga shirwa da shaho, waɗanda ke ganin komai yanzu da ciyawa ta ƙare.

In 'yan kwana ɗaya kika saya, Noila ne masu ba da nama da ƙwai ko burela na nama, makon farko suna son digiri 32 zuwa 35 a inda suke, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Ba sai da ma'auni ba, su da kansu za su gaya miki. In sun cure a gindin wuta suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru lungu ɗaya, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In sun bazu suna ci, kin daidaita.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka ki tanadi gawayi ko da kina da kwan zafi. Ki hura shi a waje, sai ya zama garwashi ba hayaƙi sannan ki shigar. Ki ɗora kurfotin a kan bulo, ki kewaye shi da raga don kada su faɗa. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba a gani ba a jin warinta, tana kashe tsaki tana kashe mutum, saboda haka kafar sama ta zauna a buɗe, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin. Wuta ba ta shiga rumfar awaki, ba ta kusantar harawa ko zana. Lokacin gobara ne, iska ɗaya ta ishi gida. In tsaki ba su wuce ashirin ba, akwai hanyar da ba wuta: ki cika galan da ruwan zafi, ki naɗe shi da tsumma, ki sa a tsakiyar kwalin, ki sake ruwan cikin dare.

8. Baƙin kaji da sauran tsuntsaye

Disamba wata ne na zirga-zirgar kaji a Kaduna saboda Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan aure. Da annoba ta shiga ƙauye, mutane kan kwashi sauran kajin su kai kasuwa kafin su mutu. In kin ga dakwale a kasuwar Kawo ranar Talata da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ki tuna araha ba ta ado. Duk kazar da ta shigo, saye ce ko kyauta, a ware ta nesa da naki mako uku, da kwanonta daban. Wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, ita ma baƙuwa ce in ta dawo. Ta yanka kuwa a yanka ta nesa da akurki, a binne gashi da kayan ciki. Sabon rago daga Zango shi ma a ɗaure shi gefe na wannan tsawon lokaci.

Agwagi na iya ɗaukar Newcastle da murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba, ga jiƙa wuri. Makwancinsu da ruwansu daban. Zabi, talo-talo da tattabaru su ma a sa su cikin lissafin rigakafi.

9. Aikin kullum

Kada a saki kaji da duku-duku, a bari rana ta fito. Kafin shara a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Barin kaji su tona kashin awaki da rana alheri ne, suna cinye tsutsar ƙuda su tsince kaska. Amma ranar da aka yi wa dabbobi wankan maganin kaska a kulle kaji har jiki da ƙasa su bushe. Maganin ɓera ban yarda a sa a gidan kiwo ba, tarko ya fi, don kaza na cin maganin, tana kuma tsattsagar mushen. Takin da kika kwashe ki tara shi a lungu ki rufe ya ruɓe, masu lambun bakin Kogin Kaduna na nemansa a wannan lokaci. Da magariba ki ƙirga kaji, ki saki buhu, ki ja sakata.

10. In ciwo ya shigo

Kazar da ta ware kanta ta saki fukafukai kamar ta yafa babbar riga, tana gyangyaɗi, tana koren kashi, tana numfashi da baki ko wuyanta ya murɗe, ki ɗauke ta nan take. Ki kai ta nesa, wuri mai ɗumi, ki kulle sauran kada su fita, ki wanke mazubai da bilic. Masu lafiya za ki fara yi wa hidima, marar lafiya a ƙarshe, sannan ki wanke hannu da takalmi. Ki gaya wa maƙwabta su kulle nasu.

Na san ana jiƙa ɓawon maɗaci, ana sa barkono da tafarnuwa a ruwa, ana fasa kafso ja da rawaya. Babu ɗaya a cikinsu da ke kashe bairos. In murar da ke kumbura fuska ce, akwai maganinta, amma likita ne zai faɗi wane da nawa, ya kuma gaya miki kwana nawa za a daina cin ƙwai da naman.

In kuwa kaji suna faɗuwa da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, kai a kumbure, tukku ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi ja, ki zargi murar tsuntsaye. A jiharmu aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a 2006, kuma tana kama mutum. Kada a yanka, kada a ci, kada a sayar, yara kada su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na Ma'aikatar Gona ta jiha, wanda ke kusa da Zariya kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Mushe a ɗauke shi da leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a zuba farar ƙasa a rufe. Kada a jefa a bola ko kwata.

Daga tsakiyar Fabrairu dare zai fara ɗumi. Ki fara cire buhun gabas, bayan mako ɗaya na arewa, don zafin Maris da Afrilu ya fi sanyin da ya wuce wahalar da kaza. Ki kwashe tsohuwar shimfiɗa gaba ɗaya, ki sake shafa farar ƙasa. In a farkon Nuwamba kika yi rigakafi, lokacin na biyu ya yi, sai ki sake tara maƙwabta.